Tun da aka sauya min tayar baya, mashin ɗina kamar ana riƙe shi

Ɗan Kabu-kabu Badariya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar masana kafin in kai kaina inda za a sa ni sayen abin da ban shirya ba. Boxer gare ni, ƙaramin mai 100. Ranar Talata na sauya tayar baya wurin wani mai faci a nan Birnin Kebbi, don tsohuwar ta suɗe har zare ya fara leƙowa. Tun daga ranar mashin ya yi nauyi. Da safe in zan fito da shi daga zaure da baya sai na sa ƙarfi, kamar mai jan rago ranar jajiberin Sallah. Jiya na ɗauki fasinja zuwa Jega, muna isa Kalgo na ji ƙauri, na tsaya na kai hannu kan hob ɗin baya, wato gangar tsakiyar taya inda burki yake. Wallahi yanzu haka yatsuna biyu sun yi bororo. Ga shan mai kuma, wanda ke kai ni azahar yanzu tun hantsi yake ƙarewa. Me ke faruwa?

Na Gesse:
Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya kiyaye gaba.

Yaron Oga:
Haka sabuwar taya take yi ai. Ka ba ta sati guda za ta saki.

Mai Albasa Aliero:
Sabuwar taya ce ke gasa hob har ya ƙona mutum? Haba Yaron Oga. Ta saki me, wando ce?

Na Gesse:
Ni dai ina zargin ringin cikin inji. Nawa ma da ya fara rashin ƙarfi da shan mai, ringi da fistin aka sauya.

Bakanike Jega:
Malam na Gesse, a bar maganar ringi. Mutum ya ce a kashe ma mashin ɗin ba ya turuwa, ina ruwan inji da wannan? Ɗan Kabu-kabu, kada ka sayi ko allura tukuna. Ka ɗora shi kan jak ɗin tsakiya, ka sa shi a firi, ka juya tayar baya da hannu da ɗan ƙarfi. Abu uku nake son ji. Zagaye nawa take yi kafin ta tsaya? Ƙarar da take yi, a jere take ko kuwa sau ɗaya take zuwa a kowane zagaye? Na uku kuma, da mai facin ya mayar da tayar, ya taɓa sarƙa?

Ɗan Kabu-kabu Badariya:
Oga na gwada yanzun nan. Ko zagaye ɗaya ba ta cikawa, ina sakin hannu take tsayawa cak. Ƙarar kuma shiii ce a jere, daga gefen da rodin burki yake. Sarƙa kuwa ya taɓa ta. Shi ya ce min ta yi sako-sako tana dukan murfi, bari ya ɗan ja min ita kyauta. Har godiya na yi masa.

Bakanike Jega:
To ga ɓarawonka nan, cikin kyautar yake.
Bari in yi bayani yadda kowa zai amfana. Burkin baya na irin waɗannan mashina ba mai yake aiki da shi ba, rodi ne. Rodin ya taso daga fedar da kake takawa, ya zo ya shiga wani ɗan hannu da ke jikin farantin hob, noti ya riƙe shi ta baya. In ka taka feda, rodi ya jawo hannun gaba, hannun ya murɗa wani ɗan ƙarfe a ciki, ƙarfen ya buɗa shu biyu, wato ƙarafan burki masu fata, su kama cikin hob. Shi ke nan aikin.
Ita kuwa sarƙa, ba wata hanyar jan ta sai a ja tayar gaba ɗaya baya, da hob da faranti da hannun burki duka. Feda tana nan inda take, tsawon rodi bai ƙaru ba, amma hannun ya ƙara nisa. Me zai faru? Rodin zai riƙe shi a jawe. Wato tun ranar Talata kana yawo ne kamar wani ya ɗora ƙafa kan burkinka bai ɗauke ba. Duk wanda ya ja sarƙa bai sassauta notin rodi ba, rabin aiki ya yi.

Kawu Mai Faci:
Na san za a zo nan. Duk abin da ya lalace a mashin, mai faci. In ruwa ya ƙi sauka ma mai faci. Ba ni na yi wa yaron nan aiki ba, amma na san yadda muke yi. Kafin ka cire taya dole ka kwance notin rodin nan. In za mu mayar, muna duba bakin zaren, akwai inda tsatsa da datti suka yi shaida, nan ne tsohon mazauninsa. Daidai nan muke mayar da shi, ba ƙari ba ragi, don kada a ce mun taɓa wa mutum burki. Ina laifi a nan?

Bakanike Jega:
Kawu, da girmanka, ai laifin ke nan ka faɗa da bakinka. Shaidar tsatsar nan ta lokacin da taya ke tsohon wurinta ce. Ka matsar da taya, ka mayar da noti tsohon gida. Kamar yaro ne ya girma ka ce sai ya sa rigar bara tunda tasa ce.

Kawu Mai Faci:
Naji. Amma laifi tudu ne. Mu kuɗin sa taya ake ba mu, shi ma sai an yi ciniki kamar za a sayi saniya. Mai mashin yana tsaye a kanka, fasinja na jiransa a bakin titi, yana ta yi sauri yi sauri. In ka ce bari ka juya taya ka gwada burki sai ya ce ba abin da ya kawo shi ke nan ba. Ku kuma in an kawo muku gyaran burki, sau nawa kuke mayar da taya ba ku duba iska ba?

Mai Albasa Aliero:
Kawu ya yi gaskiya ta nan ɓangaren. Mu ma masu mashin muna da namu. Ni kaina ban taɓa juya taya da hannu kafin in bar wurin mai faci ba, hawa kawai nake in ba shi wuta.

Malamin Firamare Argungu:
Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake nawa ya sha bamban. Mashin ɗina mai faifai ne a gaba, burkin mai. Bara na kai shi a sauya tayar gaba, na tafi da ƙaramin ɗana. Ana cire taya, yaro ya hau ya zauna yana ta matsa libar burki yana vuum vuum da baki, mu kuma muna ta dariya. Ashe kowace matsa fistin ɗin burki na ƙara fitowa, fad biyu da ke kama faifan suka haɗe baki. Da aka zo mayarwa faifai ya ƙi shiga, sai aka sa sukundireba aka ɓanɓare. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, lokacin da ake fitar da tsohuwar taya daga rim, gefen faifan aka kwantar a ƙasa, mutum ya hau da ƙafa biyu yana danna ƙarfe. Ban kawo komai a raina ba sai da na hau hanya na ji cas, cas, cas, liba kuma tana harbin yatsuna in na kama. Faifan ya lanƙwashe kaɗan, ido ba ya gani, amma in ka kafa alli kusa da shi ka juya taya, wuri ɗaya kawai yake shafa. Sai da na sayi wani. Shi ya sa na ji daɗin tambayar Oga ta ƙara a jere ko sau ɗaya a zagaye. Sau ɗaya a zagaye, wani abu ne ya karkace.

Bakanike Jega:
Haka ne Malam. Kuma tunda ka kawo maganar masu faifai, ga abin da nake yi in an kawo min wanda ke riƙewa. Ina ɗan kwance ƙaramin notin da ake fitar da iska ta nan, a jikin abin da ke riƙe fad. In mai ya ɗan tsarto taya ta saki nan take, to man ne ba ya samun hanyar komawa sama, sai a duba masta, wato ɗan famfon man da ke jikin liba, ko liba ba ta komawa daidai, ko an cika kofin mai ya wuce layi. In an kwance taya ba ta saki ba, to fistin ne ya cije da datti ko ƙusoshin da yake zamewa a kansu sun bushe. Na man da ba ya komawa ya fi na rodi haɗari, don yana zafi man na kumbura, yana kumbura yana ƙara kamawa, har ya kulle taya kana cikin gudu. Sannan a tayar gaba, kafin a ɗaure komai tamau a sauke mashin ƙasa a danna kansa sau huɗu ko biyar, ƙafafun gaba su zauna daidai kan shaf, wato ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya. Man burki kuma abin da aka rubuta kan murfin kofi shi za a zuba, in DOT 3 ne ko DOT 4. Na taɓa buɗe wani na tarar da baƙin mai a ciki, duk robobin sun kumbura kamar fanke.

Ɗan Kabu-kabu Badariya:
Jama'a na dawo. Na sassauta notin kamar zagaye huɗu, taya ta saki, tana yin zagaye biyu har da ɗori. Na ji daɗi na fita aiki. Amma da la'asar wani ya ɗauke ni in kwaso masa shinkafa daga fadama, buhu biyu, ga shi kuma ya hau. Kafin mu fito kwalta na sake jin nauyin nan, hob ya yi zafi, ko da yake bai kai na jiya ba. Da na sauke kaya na ɗora a jak, sai ta juya lafiya. Abin ya ɗaure min kai. Ko aljanu gare shi?

Yaron Oga:
Ka kwance notin gaba ɗaya ka huta. Ni wata uku ina aiki da burkin gaba kaɗai, ban mutu ba.

Mai Albasa Aliero:
Ci gaba. Masu ɗori suna nan garinmu suna jiranka, sai dai ka zo da tabarmarka don wuri na cika. Burkin gaba kaɗai a kan yashi da buhu biyu a baya?

Na Gesse:
Ko ya ɗan ɗiga baƙin mai ta bakin faranti, ya yi santsi ya daina kamawa?

Bakanike Jega:
Inna lillahi. Malam na Gesse, don Allah goge wannan kafin wani ya gani ya aikata. Shu in ya sha mai ya tashi aiki har abada, ko ka wanke da fetur zai sake tsattsafo da shi in ya yi zafi. Zai daina kamawa kam, ranar da akuya ta gitta maka ma ba zai kama ba.

Baba Tsohon Direba Gwandu:
Salamu alaikum. Jikana ya karanta min abin da kuka rubuta, shi na sa ya rubuta wanga. Yaro, babu aljani ko ɗaya. Kai ka gyara burki mashin na bisa jak, tayar baya na reto, ba kowa bisa. To in anka ɗora kaya shoka ta kwanta, ƙarfen da ka riƙe taya shina tashi sama, tsakanin feda da hob shina sauyawa, rodi ya ƙara ɗaurewa. Ɗan sakin da ka bari kaya sun cinye shi. Sarƙa ma haka take, in an ɗora nauyi ƙara tsauri takai. Mu da munka koyi aiki, ba a gama gyaran baya sai an sa mutum mai jiki ya zauna bisa, sannan a taɓa feda a taɓa sarƙa. Ka nemo mutum biyu su hau, ka tura mashin ka ji.

Bakanike Jega:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya rigaye ni. Ga ma'auni: fedar burki ta sauka kamar santimita 2 zuwa 3 a banza kafin ka ji ta fara kamawa, wato kaurin yatsu biyu a kwance. Sarƙa ma a tsakiyarta ta yi wasa sama da ƙasa kusan haka. Kuma ka juya taya ka gwada sarƙar a wurare uku ko huɗu, don tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai, wani wuri ya fi wani tsauri. A wurin da ya fi tsauri ake saiti.
Amma zagaye biyun nan da ka ce bai gamsar da ni ba, kuma zafin da hob ya yi jiya ya isa ya ɓata wani abu a ciki. Gobe da safe ka yi min wannan: cire notin gaba ɗaya, zare rodin daga hannun, ya zama burki ba shi da alaƙa da feda. Juya taya. Sannan ka tura hannun gaba da yatsa ka sake shi. Ka gaya min ko yana komawa da kansa da ƙarfi, ko sai ka taimake shi.

Hajiya Mai Babura Biyu:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba hawa nake ba, babura biyu gare ni a hannun yara suna kawo min balas. Tambayata, irin wannan in ta faru wa zai biya? Don wancan watan ɗaya ya zo min da maganar shu da boris (ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu) sati ɗaya bayan na ba shi kuɗin sabuwar taya, na biya ban ce komai ba. Yanzu da nake karanta wannan sai jikina ya ba ni abu ɗaya ne.

Mai Albasa Aliero:
Hajiya ai kin biya kuɗin makaranta.

Kawu Mai Faci:
Hajiya, in dai a kan mai faci za a ɗora, to a riƙa biyan mu kuɗin bakanike. Ni a ganina wanda ke hawa shi ke da alhaki. Mashin na riƙewa tun ranar farko ƙafarka da kunnenka za su gaya maka. Wanda ya ji ya ci gaba da aiki kwana bakwai har boris ya ƙone, shi ya ƙona shi.

Ɗan Kabu-kabu Badariya:
Kawu wannan jifa ta same ni, na karɓa. Amma ka san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, in ka ajiye mashin rabin yini gidanka ne zai ji a tukunya. Shi ya sa muke ta lallaɓawa.

Hajiya Mai Babura Biyu:
To ai lallaɓawar ce ke shan man. Ni dai daga yau taya a gabana za a sa, ko a gaban ƙanena.

Bakanike Jega:
Hajiya, maganar boris ɗin nan tana iya zama gaskiya, ba lallai yaron ya cuce ki ba. Akwai kwala, ɗan guntun bututun ƙarfe da ke shiga shaf tsakanin faranti da ƙarfen da ke riƙe taya. In ta faɗi cikin yashi ba a lura ba, ko aka sa wadda ba tata ba, sai a ɗaure notin shaf ya matse komai wuri guda. Nan taya za ta yi nauyi ko da babu shu a ciki sam. Banbancinsu, zafin boris a tsakiyar hob yake taruwa kusa da shaf, na shu kuwa a kewaye. Kuma in ka ɗan sassauta notin shaf taya ta saki, to ba burki ba ne, a nemi kwala. Wani abin kuma da ke rikita mutane, masu son babbar taya. Wurin taya mai lamba 3.00-17 sai a sa mai faɗi don ɗaukar kaya, ta riƙa gogar murfin sarƙa ko ƙarfen da ke riƙe faranti. Wannan ƙaurin roba yake yi, kuma za ka ga gefen taya ya yi sheƙi.

Ɗan Kabu-kabu Badariya:
Barkanmu da safiya. Oga na zare rodi. Taya na juyawa fiye da jiya. Amma hannun nan in na tura shi gaba, a hankali yake dawowa kamar mai ciwon baya, kuma ba ya kaiwa ƙarshe sai na ja shi da yatsa. In na ja shi sai shiii ɗin ta ɗauke gaba ɗaya.

Bakanike Jega:
Madalla, yanzu mun kama na biyu. Wannan ba laifin mai faci ba ne, Kawu ka shaida na faɗa. Ƙarfen da ke buɗa shu ne ya bushe a raminsa. Damina ta wuce kana shiga fadama, ruwa da laka sun shiga, ga zafin shekaranjiya ya ƙone ɗan giris ɗin da ya rage. A cire taya, a fitar da faranti, a cire shu, a zare ƙarfen. Kafin ka cire hannun ka yi masa shaida da ƙusa, don ya koma kan haƙoran da yake. A goge tsatsa da samfefa mai laushi, a shafa giris ɗan kaɗan a jikin ƙarfen kawai, kada ko ɗigo ya taɓa fuskar shu ko cikin hob. Duba sifirin biyu da ke haɗa shu, in zafi ya sa sun saki a sauya, ba su da tsada. Ƙurar ciki kuma kada ka hura da baki, ba ta da kyau ga ƙirji, tsumma mai ɗan laima ya isa.
Wurin mayarwa: ka sa shaf, kada ka ɗaure. Duba ajasta, wato abin jan sarƙa, na hagu da na dama su tsaya kan layi ɗaya. Juya taya, wani ya taka burki da ƙarfi ya riƙe, kai kuma ka ɗaure notin shaf yana riƙe. Haka faranti ke zama a tsakiyar hob, shu biyu su kama tare su saki tare. Saitin notin rodi shi ne na ƙarshe.

Kawu Mai Faci:
A rubuta da ruwan zinari, yau bakanike ya wanke mai faci.

Bakanike Jega:
Rabi na wanke Kawu. Rabin na nan.

Baba Tsohon Direba Gwandu:
Layin ajasta kak ka yarda da shi duka, wasu sun lanƙwashe. Ɗauki zare ka ja daga tayar baya zuwa ta gaba, kowane gefe, ka ga in sun bi juna.

Ɗan Kabu-kabu Badariya:
Alhamdu lillahi jama'a. Na kai wurin wani bakanike a unguwarmu na tsaya a kansa, ina karanta masa abin da kuka rubuta har ya fara jin haushina. Da aka buɗe, abin da ya zubo daga hob ya kai cikin cokali uku, jar ƙasa da baƙar ƙura. Ƙarfen sai da aka buga shi ya fita. Shu ɗaya ya yi sheƙi kamar gilashi, ɗayan kuwa fatarsa ta fara ɗagowa daga gefe, ina sa farce ta ɓanɓaru, don haka na sayi sabbi da sifirin. Boris lafiya lau, kwala na nan. Ajasta na dama ya fi na hagu ja da layi guda, an daidaita, mun gwada da zaren Baba. Na sa bakaniken da yaronsa suka hau muka saita feda. Yanzu daga Ambursa nake, na dawo na taɓa hob, da bayan hannu wannan karon, ɗumi kawai.

Malamin Firamare Argungu:
Fatar da ta ɗago ɗin nan ita ce abin tsoro. Da ta ɓalle kana gudu, cusa kanta za ta yi ta kulle taya. Sabbin shu kuma ka bi su a hankali kwana biyu kafin su zauna, sannan ka sake duba feda.

Yaron Oga:
Oga Bakanike, in na kawo nawa Jega gobe nawa za ka mayar min da rodi? Notin ma ya ɓace.

Bakanike Jega:
Ka zo da sassafe. Kuma turo shi za ka yi daga tasha, kada ka hau.